Kafaɗar Hagu

Ɗana ya dawo daga China da hotuna a waya, ya ce, "Inna, ga layinku." Na kai ido har hancina ya taɓa gilashin, ban gane ko bango ɗaya ba. An shafe unguwarmu ta Dengfeng da fenti, an daddasa fitilu, wai har jirgi yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya sauke mutum a tashar Xiaobei. Na tambaye shi rumfar kafinta da ke bayan gada, ya ce shi bai taɓa ganin rumfa a wurin ba. Tun ranar nake kuka, ba na kuma ɓoyewa. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Faɗa nake yi 'yata tana sa wa a takarda, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana, ko a inda ta ga abin kunya ne.

A zamaninmu Guangzhou ba ta saba da baƙar fata ba. In na fita sayen albasa tsofaffin mata sukan tsaya su ƙare min kallo, wata ma ta shafi hannuna ta duba yatsanta. Mu Hausawan da ke wurin ɗaki biyu ya ishe mu zama. Abin da kunnena ya riƙe shi ne ƙararrawar kekuna da sassafe, da tarin maƙwabcinmu, da ƙarar 'ya'yan wasan da suke cakuɗawa a kan tebur kamar ana wanke tsakuwa. In lokacin ruwa ya zo bango yakan yi gumi, shanya ta kwana uku a kan gora ba ta bushe ba. Tuwon shinkafa nake tuƙa wa fatake. Kuka da daddawa a ƙasan jakunkunansu suke zo min, nama kuwa sai wurin Musulmin ƙasar masu farar hula. Turmi babu. Da kwalba nake murje barkono a faranti, don ranar da na gwada daka a tukunyar ƙarfe matar da ke ƙasanmu ta hawo da tsintsiya tana masifa. Kalma uku na iya a harshensu: loban, wato mai shago, shishe, na gode, da meyo, babu. Yanzu an ce yaranmu da waya suke ciniki, ko baki ba sa buɗewa. Mu da hannu da ido muka yi shekarunmu, kuma sau da yawa mun fahimci mutanen nan fiye da yadda nake fahimtar jikokina.

Maigidana ɗaurin kaya yake yi. Fatake su sayo, shi ya danne dila ya ɗaure, abin da zai iya fashewa kuma ya kai wa wani tsohon kafinta ya haɗa masa akwati. Amma ba ɗan kasuwa ba ne ta asali. Babban ɗan Sarkin Baka ne, shugaban maharba na wani gari a gindin duwatsu, inda gyado ke shiga gona kamar ta gadonsa. Ni daga gidan masaƙa aka kai ni, na tarar da dokokin da ban taɓa ji ba. Ba a ambaton sunan naman da za a fita nema. Ba a tambayar maharbi yaushe zai dawo. Babbar kuwa ita ce wadda uwar mijina ta faɗa min tun lalle bai bar hannuna ba. Ta ce, "Mace ba ta tsallake bindiga. In ta tsallake, ta kwashe mata ido."

Ina da kwana tara a gidan aka shimfiɗa bindigar uban mijina a kan tabarma a tsakar gida. An wanke ta da sassaƙe, an turara ta, don washegari za a miƙa wa ango ya fita babbar farauta. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Na fito daga madafa da tukunyar kunu tana ƙona min hannu, akuya ta gifta, na daka tsalle. Sai da na dire na ga abin da na tsallake. Babu wanda ya gani. Washegari gwanki ya tsaya wa mijina a fili, kusa har ana jin hucinsa, ya harba ya sami iska, a gaban maharban duk ƙauyukan da ke kewaye. Haka aka yi ta yi shekara uku. Uban ya daina kiran sunansa, sai dai ya ce "wancan". Ranar da ya ce masa a zaure, "Kai ko ƙofar ɗakin nan aka ce ka harba, maƙwabci za ka samu," mijina ya ɗauki jakarsa. Kano, Legas, sannan can inda ƙasa ta ƙare. Da ya aiko in biyo shi in riƙa dafa wa fatake abinci, na bar yara uku a wurin uwarsa, ƙaramar tana tatata, ban ce uffan ba. Mutane suka ce ga mace mai ladabi. Ni kaɗai na san tsoro ne.

A lokacin saƙo a kaset yake zuwa. Wani falke daga Kano ya kawo mana ɗaya, muka saka a rediyo bayan la'asar, sai muryar ƙanen mijina ta fito. "Yaya, Baba ya cika. Mun yi haƙuri, kai ma ka yi. Amma gari babu mai tsaro. Gyado ya gama da rogo, ɓarayin shanu sun shigo sau biyu, kuma su ba da bindigar toka suke zuwa ba. Dattawa sun ce baka na gidanmu ne, kai ne babba. An ce in ka nemi izinin hukuma, akwai mai shago a birni da ke sayo wa maharba bindiga mai sakata daga Turai. Ka zaɓi wadda ta yi maka, ka taho." Mijina ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake ji, har sau huɗu. Bai yi kuka ba. Ya ce min in ɗora ruwan shayi, baƙi za su zo gaisuwa.

A China ba a sayar wa mutum bindiga. Ba a ma daɗe ba da hukuma ta bi ta karɓe na maharbansu. Don haka a takarda aka yi zaɓen. Akwai wani Alhaji daga zangon Kumasi, mai tumbi da yawan dariya, da ke da littafi mai hotuna da ya samo a tafiye-tafiyensa. Suka baje shi a tabarmar cin abinci, miya tana ɗiga a kai. Ita mai sakata, yadda suka kwatanta min, kamar sakatar ƙofa take: ka ɗaga, ka ja baya, kwanson da ka harba ya fita, ka tura, sabon harsashi ya hau. Gardamar a kan kaurin harsashi ce. Su lambobi suke kira. Ni dai na ga ɗaya kamar yatsan jariri, ɗaya kamar yatsan ƙato.

"Sarkin Baka, ɗauki ƙaramar," in ji wani mutumin Maraɗi mai sayen batir. Haka duk suke kiran mijina, don sun ji asalinsa. "Zabo, gada, zomo, kullum tukunyar Hajiya da nama. Harsashinta kuma bai da wuyar samu."

"Zabo!" Alhajin Kumasi ya bugi cinyarsa. "Ɓarawo ya shigo ka ce masa dakata, ni ta zabo gare ni? Gyado fa? Ka sa masa wannan tsinken, ya juyo ya tambaye ka wa ya yi masa susa. Magajiya, ƙaro miya, waɗannan mutanen Faransa yunwa ke hana su tunani."

"Alhaji, babbar gaba da baya take harbi. Kafaɗa take ci."

"To shi kafaɗar kaza gare shi? Mutumin da ke danne dila da gwiwa ɗaya?"

Aka yi dariya. Mijina ya ɗora yatsa a kan babbar, ya ce, "Wannan. Ba nama zan je nema ba, gari zan je tsarewa." Duk cikinsu babu wanda ya san bai taɓa kayar da ko zomo da bindiga ba. Ni na sani.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye. Na ce kasuwa yanzu ta fara buɗewa. Na ce ƙanensa ya fi shi sanin dajin. Bai ko ɗaga kai ba. Ni kuwa ina tunani, gyado in ka kuskure shi wataƙila ya gudu, amma ɓarawo in ka kuskure shi, shi ba zai kuskure ka ba. Na riƙa ganinsa kwance a bakin gari da sabuwar bindiga a gefensa, ni na kashe shi da shiruna. Da hantsi ne, ina tsince shinkafa a faifai, yana ɗinke buhu.

Na ce, "Maigida, kada ka je. Bindiga ba za ta yi maka ba, ko wace iri ce."

Ya ce, "Har ke ma?"

"Ba laifinka ba ne. Ni ce."

Na faɗa masa duka, tabarmar, kunun, akuyar. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, ranar na so a ce ya ɗaga. Abin da na fara gani a fuskarsa ya fi duka ciwo, domin sauƙi na gani, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka. Daga baya fushin ya biyo.

"Shekara goma sha shida," in ji shi. "Kina ji Baba yana ce min wancan. Kina zuba masa ruwan alwala. Ya mutu bai kira sunana ba, ke kuwa kina nan kina tsintar shinkafa."

Ya daina cin abincina. A ranar falken nan na Kano zai koma gida. Mijina ya sayo sabon kaset, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, ta jikin katako na ji yana gaya wa ƙanensa da dattawan gari abin da na yi.

Rana ta huɗu na zuba tuwo a kwano na bi shi rumfar kafinta, ko zai ji kunyar baƙo ya karɓa. Ya je ne a auna shi, don an ce mai shagon birni zai so sanin tsawon ƙotar da ta dace da hannunsa. Kafintan tsoho ne ƙanƙani, haƙoransa ba su fi biyar ba, mijina yana ce masa loban shi kuma yana kaɗa hannu wai shi ba kowa ba ne. Maharbi ne shi ma a duwatsun ƙasarsu kafin a karɓe tasa. A bangon rumfar akwai ƙusa biyu a jere da ba ya rataya komai a kansu. Da kwaikwayon kukan tsuntsaye suka yi abota, ba da magana ba.

Na tsaya a bakin ƙofa. Tsohon ya riga ya yanko katako siffar bindiga. Mijina ya ɗora a kafaɗar dama, ya auna tankin ruwa da ke kan wani soro. Tsohon ya zagayo bayansa, ya karkata kai yana kallon yadda mijina ke murɗa wuya yana tura fuska ta haye katakon. Ya yi tsaki. Ya ɗauko wani fallen katako mai huji a tsakiya, ya nuna masa ya miƙe hannu biyu ya hangi tankin ta hujin, sannan ya jawo katakon a hankali zuwa fuskarsa. Katakon ya zo ya tsaya a idon hagu. Aka sake, aka kuma sakewa, duk hagu. Sai tsohon ya zaro lemo daga aljihu ya wurga masa ba zato. Hannun hagu ne ya cafe.

Tsohon ya taɓa masa gefen idon dama, ya ce, "Meyo." Ya taɓa na hagu, ya ɗaga babban yatsa. Ya cire katakon mai siffar bindiga daga dama ya mayar masa hagu. Ya karɓi littafin Alhajin Kumasi da mijina ya zo da shi, ya yi ta buɗawa har ya sami wata mai sakata a ɗaya gefen. Sannan ya ture yatsan mijina daga babban harsashi ya kai kan matsakaici. Ya kwaikwayi mutum yana runtse ido yana noƙe kafaɗa tun kafin ya ja kunama, ya girgiza kai. Ko ni na gane: wanda ke tsoron bugun bindigarsa ba zai sami komai ba.

Mijina ya daɗe a tsaye da katako a kafaɗar hagu. Can ya sauke, ya zauna a kan akwati. Ashe ya san ina wurin, don bai juyo ba ya fara magana.

"Ina da shekara biyar Baba ya ɗaure min hannun nan a baya da tsumma, wata uku. Ya ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a bahagon maharbi a gidanmu. A ɓoye da danƙo nake kaɗo kurciya daga ƙolin rimi, da wannan hannun. Tun kafin a kawo ki nake kuskure da bindiga. Cewa aka yi aure zai zaunar min da hannu." Ya shafa fuskarsa. "Da kika faɗa min, na san ba ke ba ce. Na sani, amma na karɓa."

Ya miƙo hannu na ba shi kwanon. Ya ci, ya tura wa tsohon, tsohon ya kai loma ɗaya barkono ya shaƙe shi, yana tari yana hawaye yana cewa shishe.

A hanyar komawa, a gefen magudanar ruwan nan mai wari, mijina ya ce, "Zan sake wani kaset."

"Ka ce me?"

"Gaskiya."

"Ka ce Baba ne? Ka ce shi ya lalata ɗansa da hannunsa, sannan ya tsane shi a kai? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, Inna tana takaba da 'ya'yana a cinyarta, dattawa kuma don sunansa suke kiranka."

"To ke fa?"

"Ni ai na tsallaka, ba ƙarya ka yi min ba. Bar shi a haka."

Rubuta wannan yadda na faɗa: jira na yi ya ƙi. Na rage tafiya don in ba shi lokaci. Kekuna suna ta wuce mu suna kaɗa ƙararrawa. Bai ƙi ba.

Muka koma gida kafin damina. Ya nemi izini, ya ce mai sakata a hagu yake so, mai matsakaicin harsashi. Takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, mai shago kuma ya ce ba a cika kawo ta bahago ba, a dai jira. Har yau ba ta iso ba. Bindigar tokar ubansa ya ɗauka ya ɗora a hagu, a makon farko ya kayar da gyado a gonar rogo, mutane suna kallo. Gari ya samo wa kansa bayani: wai tsallaken matarsa ya kashe masa kafaɗar dama, wani bokan China ya mayar masa da sa'arsa hagu. Ita bindigar don na dama aka ƙera ta, saboda haka kowane harbi sai ta tofa masa albarushi a fuska, har kumatunsa ya yi ɗigo-ɗigo baƙi da sabulu ba ya fitarwa. Ya tsare garin shekaru masu yawa. Ɓarayi sun san da zamansa, suka canza hanya.

Ni kuwa aka sa min Tsallakau. In zan wuce, mata su janye kayan mazajensu daga hanya, ko gatari ne. Ba a ba ni naman farauta in raba. Ke mai rubutun nan, kin tuna gidan maharban da suka fara neman aurenki suka janye ba dalili. Yau kin ji dalilin, ki yafe min. Matan yanzu an ce ba sa haɗiye magana, kuma ban ce sun yi laifi ba. Mu an koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba a dai gaya mana nauyin abin da zai ɗauka ba. Shi kuma duk naman da ya kaso, hantar yakan naɗo a ganye ya ajiye min a bakin murhu. Ban taɓa tayar masa da zancen ba, shi ma haka.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Ranar ƙarshe da hantsi ya buɗe ido ya ce, "Kira min su. Yau zan faɗa."

Na fita. Ƙannensa uku suna zaune a zaure, duk sun yi furfura, suna jan carbi. Na tsaya a bayan asabari, bakina a buɗe. Sai na ga abin da za su ji: ba laifin Baba kaɗai ba, har da cewa yayansu, Sarkin Bakansu, ya san gaskiya tun a China ya bar matarsa ta ɗauka har tsufa. Da wannan za su wanke shi, da shi za su kai shi. Na juya na koma ɗaki.

Ya ce, "Suna ina?"

Na ce, "Alwala suke yi, Maigida. Yi kalmar shahada kafin su shigo."

Ya ce to. Ya yi, na taya shi, idonsa yana kan ƙofa. Yana jiran su ya cika.

Yanzu duk sun tafi, uwarsa, ƙannensa, dattawan da suka saurari kaset ɗin. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan Baba, ya yi wa tsohon kafinta sakayya a inda yake. Sunan da aka sa min ya daina yi min zafi tuntuni. Abin da ke hana ni sakewa shi ne, mutumin nan ya ɗauki kayansa shekara da shekaru, ya zo bakin kabari zai sauke, ni kuma na hana shi. Na ce rufa masa asiri na yi. Wata rana kuma sai zuciyata ta ce min ramuwa ce, don shi ma ya ji yadda jira yake. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma wanda zan tambaya ba ya nan.